Ziyara A Tuboro: Idan Tsohuwar Mota Ta Mutu A Daji

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi namu na Hausa, musamman 'yan'uwa mazauna Briketeri a Yawunde da na Niwbel a Dwala, sunan Tuboro kawai suke ji a bakin direbobi da 'yan hatsi, amma ba su taɓa taka garin ba. To, Tuboro dai yana can kusurwar kudu maso gabas ta Jihar Arewa, cikin gundumar Mayo-Rey wadda hedkwatarta ke Collire, a gefen kogin Vina. A gargajiyance kuwa ƙasar Lamiɗon Rai Buba ce. Daga garin, tafiya kaɗan ce za ta kai mutum iyakar Cadi ta Bogdibo, haka nan idan ya nufi Mbaibum zai iske kansa a bakin ƙasar Afirka ta Tsakiya. Shi ya sa a tasha ɗaya za ka ji Fulatanci da Mbum da Faransanci da Larabcin Cadi da Sango, ga kuma Hausa a bakin mahauta da teloli da masu shaguna da dillalan hatsi.

Mai fitowa daga Garwa yana da hanya biyu. Ko dai ya bi ta Ngong, ya ratse a mararrabar Gijiba ya shiga ta Collire, wadda ita ce tsohuwar hanyar da iyayenmu suka sha wahalarta, ko kuwa ya miƙe kudu ya haye tsaunin Ngaundare, sa'annan ya juya gabas bisa kwaltar da Tarayyar Turai ta ba da kuɗin shimfiɗawa. An gama wannan kwalta a tsakiyar shekarun 2000, kuma tsawonta daga Ngaundare zuwa Mundu a ƙasar Cadi kusan kilomita 400 ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 kayan Cadi ke sauka a can, amma sai da aka yi wannan kwalta ne manyan motoci masu zuwa kudancin Cadi suka sami gajeriyar hanya ta Tuboro.

Noma ne ke riƙe da garin. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, yana da injin gurzar auduga a nan, kuma neman ƙasar noma ya jawo manoma da yawa daga Jihar Arewa Mai Nisa, irin su Tupuri da Mafa, suka kafa ƙauyuka a dajin da a da sai namun dawa. Bayan auduga akwai masara da gyaɗa da waken soya, waɗanda ake loda su zuwa Ngaundare da Garwa har kudu. Kasuwar Mbaibum kuwa ta bunƙasa ne tun ƙarshen shekarun 1980, ta kai ganiyarta a shekarun 1990, lokacin da 'yan kasuwar Bangi ke tahowa sarin kayan Najeriya. Rikice-rikicen Afirka ta Tsakiya da rashin tsaro sun rage mata armashi daga baya.

TSOFAFFIN MOTOCI

Abin da mai wucewa bisa kwalta ba ya gani shi ne, buhun masarar nan da ake lodawa a tirela ba a bakin kwalta aka noma shi ba. Daga ƙauyuka yake fitowa, ta hanyoyin jar ƙasa waɗanda damina ke zaizayewa kowace shekara. Babura sun karɓe yawancin ɗaukar mutane a waɗannan hanyoyi, amma babur ba ya ɗaukar buhu goma. Nan ne tsofaffin motoci ke da sauran aiki, kuma a cikinsu har yanzu akan ci karo da 'yan tsirarun akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, masu jin Faransanci kuma su ce bashe saboda tamfol ɗin da ake rufa mata.

Wannan mota tana da tarihi. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, wadda ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali Turawa sun daɗe da barin ta. Ta nan ne motar da kayan gyaranta suka cika Yola da Mubi da Garwa da Marwa. A Turai yau masu sha'awar kayan tarihi ne ke goge ta suna ajiyewa a rumfa. A Mayo-Rey kuwa neman abinci take yi.

Irin wannan mota na shiga a wata ranar kasuwa da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, na raka wani ɗan'uwana mai sayen hatsi zuwa wani ƙauye da ke nesa da kwalta. Da zuwa lafiya lau. Da dawowa, mun ɗauko masara da gyaɗa, ga mutum bakwai a bisa kaya, mu biyu a gaba tare da direba. Mun ratsa wani kwari mai gargada sosai, muna cikin hawan tudu, sai motar ta yi tari, ta fizga, ta karɓa, ta sake fizga, daga nan ta yi shiru. Yaron mota ya diro da sauri ya sa dutse a bayan taya. Direba ya murɗa makulli, injin ya juya sarai amma ya ƙi kamawa. Ya sake sau ɗaya, bai ƙara ba.

Dole mai karatu ya san abin da ya sa hankalin kowa ya tashi. Wannan yanki ya daɗe yana fama da 'yan fashin hanya, waɗanda ake kira zargina. Saboda irinsu ne gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001. Daga baya kuma ɓarnar ta koma satar mutane domin neman kuɗin fansa, abin da ya tashi ƙauyuka da rugage da dama a Mayo-Rey. Mu kuwa ga mu a daji, la'asar ta yi, babu layin waya, kuma kowa ya san motar da ta fito daga kasuwa ba ta rasa kuɗi a aljihun wani.

KOWA YA ZAMA MAKANIKI

Kafin a ɗaga murfin inji, kowa ya riga ya gano cutar. Wani ya ce batir ne. Wani ya ce bobin ce, haka ta taɓa yi wa motar ƙaninsa. Wani saurayi ya ce a sauke kaya a tura ta baya-baya a gangare. Wata dattijuwa daga bisa buhu ta ce, "Ɗana, don Allah ka yi ta murɗawa, ko Allah zai sa ta kama."

Direban, wanda zai kai shekara hamsin da 'yan kai, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. In na yi ta murɗawa batir zai ƙare, mu tashi daga cuta ɗaya mu koma biyu. Ku yi sallar la'asar, ku bar ni da ita."

Na tsaya kusa da shi ina riƙe masa ƙarafa, ga kuma yadda ya bi al'amarin daki-daki.

Da farko ya ce batun batir babu shi, tun da sitata na juya inji da ƙarfi. Da batir ne, ko kan batir ya yi gishiri ya saki, da sai dai a ji ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. Turi kuma maganin mataccen batir ne kawai. Motar da sitata ya juya ta ƙi tashi, ko an tura ta har Mundu ba za ta tashi ba.

Na biyu, ya ce yadda mota ta mutu shi ne rabin bayanin ciwonta. Wadda ta ɗauke lokaci ɗaya, kamar an kashe makulli, galibi wuta ce ta yanke. Wadda ta yi tari da fizga kafin ta mutu, galibi mai ne ba ya isa. Tamu ta yi tari, saboda haka zarginsa na kan mai. Duk da haka wuta ya fara dubawa, kuma dalilinsa abin riƙewa ne: gwajin wuta tartsatsi yake fitarwa, don haka ana yin sa tun ba a kwance tiyon mai ba. Wanda ya fara zubar da fetur a bisa inji sa'annan ya zo gwada wuta, gobara yake nema.

Ya zare babbar wayar tsakiya daga murfin delko, wadda ta taho daga bobin, ya riƙe ta da busasshen tsumma, ya kusantar da bakinta jikin inji kamar kaurin fensir, ya ce wa yaronsa ya murɗa. Wuta shuɗiya ta yi ta tsalle, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Ya mayar da wayar, ya kwance buji ɗaya, wato abin da mutanen Najeriya ke kira fulogi, ya gwada shi ma yana ba da wuta, kuma bakinsa ba ya warin fetur. Ya ce, "Malam, ka gani? Wuta ta wanke kanta. Wanda ya ce bobin, da mun bi tasa da mun sayi bobin a banza."

Sai ya koma kan mai. Ya sa aka kashe taba, ya cire tukunyar iska daga kan kafireto, ya leƙa ciki yana jan totur da hannu. A mota mai lafiya za ka ga ɗan siririn fetur ya tsarto. Nan abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ya buɗe murfin tanki yana saurare, domin idan hudar shaƙar iskar tanki ta toshe, za ka ji ya ja iska fuu, kuma mai ba zai tafi ba. Bai ji komai ba. Daga nan ya zare tiyon da ke shiga kafireto, ya zura shi a wata farar kwalba, ya cire ƙaramar wayar bobin don kada wuta ta fita, aka murɗa kaɗan. Mai ya zo, alamar famfon mai na aiki. Ya ɗaga kwalbar sama ya bari ta natsa. Sai ga abu ya rabu biyu: fetur a sama, a ƙasa kuma ruwa mai launin tsatsa, kusan kaurin yatsa biyu.

Bayanin ba shi da wuya. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka can gindin tanki yake kwanciya, yana cin ƙarfe yana tara tsatsa. Ranar da mai ya yi ƙasa, aka kuma shiga gargada, sai famfo ya zuƙo ruwan da dattin ya cika kafireto da su. Ya kwance saman kafireton, ya tsane ɗan kofin da mai ke taruwa da tsumma mai tsabta, ya fito da jiklar, wato ɗan notin tagulla mai huda kamar ta allura wanda mai ke bi, ya hura shi da baki har haske ya bayyana. Yaron ya miƙo masa waya ya zura, ya daka masa tsawa, ya ce waya tana faɗaɗa hudar, daga ranar mota ta dinga shan mai ke nan. Ya sa aka murɗa sau uku, kaɗan-kaɗan, ana zubar da abin da ya taru a kwalba can nesa, har fetur ya fito garau. Ya ɗauko sabuwar matatar mai 'yar ƙarama daga aljihun mota ya canza tsohuwar, ya ƙara galan ɗin da yake ajiye da shi, ya mayar da komai, ya goge inda mai ya zuba, ya dakata ya bushe. A murɗawa ta biyu motar ta kama. Dattijuwar nan ta rangaɗa guɗa. Ana kiran magariba muna sauke buhuna a Tuboro.

A GAREJIN BAKIN TASHA

Kashegari direban ya kai motar a sauke tanki a wanke, na bi shi. Garejin inuwar mangwaro ce da 'yar rumfar kwano, mai shi kuma wani tsoho ne da ya koyi aiki a Garwa tun yana saurayi, lokacin da 404 da 504 ne ke ɗaukar fasinja tsakanin Garwa da Marwa da Ngaundare. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jiya mai ne. Da a ce wuta ce ba ta zo ba fa?"

Ya ce, "Ɗana, inji abu uku yake ci: mai, da iska, da wuta a kan lokacinta. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, mai laifi zai amsa."

Ya jawo wani tsohon delko ya buɗe mini. A ciki akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, su ne filatin, a Najeriya a ce kontak. Idan suka buɗe ne bobin ke harba wuta. Tazararsu idan sun buɗe sosai milimita 0.4 ce. In ta tsuke, ko bakinsu ya ƙone ya yi baƙi, wuta za ta raunana, ta koma ja-ja, ko ta ɓace. A daji ana goge su da 'yar takardar yashi a daidaita tazarar, su kai ka gida. A gefensu akwai kwandansa, ɗan abu kamar guntun alli. Shi ne ke hana bakin filatin ƙonewa, kuma idan ka ga sabon filatin ya ƙone cikin 'yan kwanaki, to shi za ka tuhuma. Murfin delkon kansa yakan tsage, ko ɗan gawayin tsakiyarsa ya cinye, ko raɓa ta kwanta a ciki bayan an ratsa ruwa, wannan kuwa busasshen tsumma ne maganinsa.

Bobin kuma, in ji shi, tana da halinta daban. Mota za ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya, idan ta yi zafi ta mutu, a huta rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. Ka taɓa bobin ka ji ba ta taɓuwa. Jiƙaƙƙen tsumma zai iya lallaɓa ta zuwa gari, amma canji take so. Sai dai ya gargaɗe ni cewa zafin watan Maris da Afrilu yana kawo wata cuta mai kama da wannan: fetur ya tafasa a cikin tiyo da famfo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Banbancinsu, a wannan akwai wuta shuɗiya amma babu mai, kuma famfon ne za a sanyaya. Shi ya sa ba a sayen kaya da ka, sai an gwada.

Akwai kuma motar da mai ya yi wa yawa. Direba ya yi ta taka totur yana murɗawa har buji su jiƙe, warin fetur ya cika wuri. Maganinta a dakata kaɗan, a take totur har ƙasa a riƙe shi, ba a famfawa, a murɗa. In ta ƙi, a kwance buji a shanya. Wanda zai cire wayoyin buji kuwa ya cire su ɗaya-ɗaya. Jerin wutar wannan inji 1-3-4-2 ne, kuma mutanen Peugeot daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen lagireto ba. Ya ce ya sha karɓar motar da ba abin da ke damunta sai wayoyin da wani yaro ya cakuɗa.

Na tambaye shi inda ruwa ke shiga tanki. Ya nuna mini layin kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Wani abin mamaki, bututun ɗanyen man Cadi, mai tsawon kilomita 1,070 daga yankin Doba zuwa Kribi, wanda ya fara aiki a 2003, ta ƙasar Tuboro ya ratsa, amma da ka bar gari ka shiga ƙauye, fetur a kwalba za ka saya. Shekara da shekaru arewacin Kamaru na dogaro da zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda farashinsa ya tashi bayan da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023. Man da ya bi duro, ya bi jarka, ya kwana a waje da damina, ba ya rasa ruwa da ƙura ko da mai sayarwa mutumin kirki ne. Shawararsa ita ce a tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba, a bar ɗan na gindin kwalba, kada kuma a bar tanki ya yi ƙasa sosai a hanyar gargada.

ABIN DA YA KAMATA MU RIƘE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai shiga waɗannan hanyoyi da tsohuwar mota, kada ya tashi sai da filatin da kwandansa da buji ko biyu, da matatar mai, da guntun tiyo, da fanbel, da sifanar buji, da farar kwalba, da tocila, da galan na mai mai tsabta. Dukansu ba su cika ƙaramar jaka ba. Ya kuma guji kayan gyara na jabu da suka cika kasuwa, domin araha ba ta ado, kwandansan banza yakan mutu tun bai yi wata ba. Fasinja kuma su tashi da wuri, su lissafa dawowarsu da sauran rana, kuma idan mota ta tsaya su bar direba ya yi tunani. Gaggawar fasinja ta kashe batir da yawa.

Abin da ya fi damun tsohon nan shi ne magada. Yara huɗu na gani a garejinsa, ya ce uku gyaran babur suke so su koma, don kuɗinsa na zuwa nan take. Ba laifi ba ne, babur ma sana'a ce. Amma yaron da ya iya bin mai da iska da wuta a inji mai kafireto, ya riga ya sami tushen da zai gyara janareto da injin ban-ruwa da babur ɗin kansa, har motocin zamani masu kwamfuta, domin su ma abin da suke ci ke nan, sai dai hanyar tambayarsu ta canza. Mu Hausawan ƙasar nan mun san saye da sayarwa, mun san tuƙi, amma kayanmu duka a bisa taya suke tafiya. Ya kamata iyaye a Garwa da Ngaundare da Tuboro su riƙa kai wasu daga cikin 'ya'yansu wajen irin waɗannan dattawa bayan an tashi makaranta, tun suna da rai da lafiyar koyarwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Tuboro, ya je da kaka, lokacin da gonakin auduga suka yi fari, masara kuma ta yi araha. Ya ci kifin Vina, ya zaga kasuwar hatsi, in ya sami sarari ya zauna awa ɗaya a garejin bakin tasha ya buɗe kunne. Allah ya tsare matafiya, ya ba yankin Mayo-Rey zaman lafiya, amin.